Malam Amu Na Peki: Mai Waƙa, Mai Bokitin Taki

   A wannan fitowa mun ɗan ajiye zancen iri da maganin ƙwari. Za mu ba ku labarin wani malamin makaranta na ƙasar Gana, wanda Allah ya ba shi shekara 95 a duniya. Sunansa Ephraim Amu. Ya rasu ran 2 ga Janairu, 1995.

Ga abin da ya tuna mana da shi. Kwanan baya mun je wani ƙauye duba ramin takin da ƙungiyar manoma ta haƙa. Lokacin juya shi ya yi. Muka tambaya wa zai shiga, sai wuri ya yi tsit. Samarin da suka gama makaranta suka harɗe hannuwa suna duban takalmansu. Can wata tsohuwa ta ɗaura ɗankwalinta da kyau, ta ɗauki shebur ta sauka. Mu kuwa da muka zo koyarwa muna tsaye a bakin rami da littafi a hannu, wandonmu fes. Ba wanda ya ce mana kome. Sai da muka hau babur muka kama hanyar gida kunya ta rufe mu, muka tuna da labarin da malaminmu na waƙa ya taɓa ba mu a kwalejin horon malamai.

Ɗan makaɗi

An haifi Amu ran 13 ga Satumba, 1899, a Peki-Avetile, wani gari na kabilar Ewe gabas da kogin Volta, cikin ƙasar da ake kira Gwalkwas a zamanin Turawa. Ranar Laraba ce, saboda haka sunansa na gida Koku. Da a wajenmu ne, Balarabe za a ce masa. Turawan Mishan na Bremen, daga Jamus, su suka kawo bishara Peki tun 1847. Uban yaron manomi ne, masassaƙi, kuma makaɗi. Sa'ad da ya zama mai bi sai ya ajiye ganga, gama a lokacin nan ba a raba ganga da tsafi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Da ya kai kamar shekara 12 aka sa shi makarantar kwana ta midil a Peki-Blengo. A nan akwai wani malami mai suna Ntem wanda ya iya kaɗa ogan, watau akwatin kiɗan nan na majami'a da ake taka shi da ƙafa yana shan iska, ana danna shi da yatsu. Yaro ya ji, zuciyarsa ta kamu. Ba shi da ko anini na biyan koyo. Sai ya tafi wurin malamin suka yi ciniki: malam ya koya masa karatun waƙa da kaɗa ogan, shi kuwa kowace Asabar ya yi masa aikin gona. Ƙodago ke nan, amma ladan ba kuɗi ba ne. Tun daga ranar fartanya da waƙa ba su rabu a hannunsa ba har ya tsufa.

Cikin 1916 ya sami shiga makarantar horon malamai da masu bishara ta Mishan ɗin Basel a Abetifi, can bisa duwatsun Kwahu. Shi da abokansa biyu suka ɗora akwatunansu a ka, suka taka mil 150. Ku kwatanta mutum ya tashi daga Kano a ƙasa har Kaduna, da akwati a ka, ga ƙetare babban kogi, ga hawan dutse a ƙarshe. A can ya ga waɗansu 'yan makaranta masu hali suna da kekunan ƙarfe. Bai roƙi aro ba. Ya riƙa sulalewa cikin daji kusa da makaranta yana sassaƙa nasa keken da itace, gaɓa gaɓa, a ɓoye. 'Yan'uwansa suka gano, suka fito da shi fili suna sowa, suka sa masa suna keken Amu. Har ɗan shugaban makarantar, ɗan Bature, ya sha hawansa. Ya kuma sassaƙa wa makaranta ƙwallayen wasa na itace maimakon waɗanda ake sayowa daga Turai. Ɗan masassaƙi dai ba ya rasa gizago.

Ya gama a 1919. Bisa ga al'adar makarantar akan zaɓi biyu cikin masu fita su yi wa'azin ban kwana, yana ɗaya daga cikinsu. Ya ɗauki Matiyu 25:40, ya yi magana da harshensa na Ewe da kuma harshen Twi, wanda Hausawan Gana ke kira Tonanci.

Farkon 1920 ya koma Peki-Blengo, wannan karo a kan malami. Da kuɗi suka ɗan taru ya tafi Koforidua ya sayi ƙaramin ogan mai naɗewa, fam huɗu. Mota ta kawo shi Frankadua, daga nan babu abin hawa. Wani da ya bar kayan a gidan wani ya komo da masu ɗauko. Amu ya ɗora ogan a ka, ya kwana yana tafiya cikin duhu, gari na wayewa ya shiga Peki. Bayan haka ya ci gaba da ɗaukar darasi wurin wani fasto na Metodis da ke garin, ko da yake ekklesiyarsu ba ɗaya ba ce.

Bokiti

Cikin 1926 aka mai da shi kwalejin horon malamai ta Akropong, wadda Mishan ɗin Basel ta kafa tun 1848. Aka ba shi koyar da waƙa, da sanin halitta, da aikin gona. Ƙasar Akuapem ke nan, inda arzikin koko ya fara. A Mampong, kusa da nan, wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya shuka 'ya'yan kokon da ya zo da su daga tsibirin Fernando Po a 1879. Kafin 1911 Gwalkwas ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da koko. Da kuɗin gonar nan iyaye suka riƙa biya wa 'ya'yansu makaranta, 'ya'yan kuwa suna karatu domin su tsere wa gona. Wannan ciwo mun san shi, ba sai an fassara mana ba.

Amu ya dubi gonar kwaleji, ya dubi salgar kwaleji inda ake kwashe bayan gida a bokiti ana zubarwa a banza. Sai ya ce za a riƙa kai shi gona a yi taki. 'Yan makaranta suka ƙi. A ganinsu mutumin da zai zama malami kuma mai bishara, mai sa kwat ran Lahadi, bai kamata a gan shi kusa da wannan ƙazanta ba. Aikin waɗansu ne can, waɗanda ba a ko gaisawa da su da hannu. Malamin bai yi dogon jawabi ba, bai kuma kai ƙara ofishin shugaba ba. Ya ɗauki bokitin da kansa ya wuce gaba, su suna biye.

Mun daɗe muna tunani a kan wannan. Ba shi da wuya a ce wa manomi ya yi abu kaza. Mu ma'aikatan gona mun ƙware a nan, muna da allo da alli da hotuna. Amma manomi yakan dubi hannun mai magana kafin ya saurari bakinsa. In ya ga tafin hannu sumul, sai ya ce “To, Malam, mun ji,” ya koma gida ya yi yadda ya saba. Da mako ya kewayo muka koma ƙauyen nan, muka bar littafi cikin jaka, muka naɗe wando muka sauka ramin. Tsohuwar ta tsaya tana kallonmu, ta ce, “Ɗana, kana riƙe da shebur kamar alƙalami.” Aka yi ta dariya. Kafin dariyar ta ƙare samari uku sun tuɓe takalma.

Amma a nan dole mu ja kunne, kada wani ya karanta wannan ya tashi gobe ya kwashi salga zuwa gona. Ɗanyen bayan gida yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Ƙwan tsutsar nan ba ya mutuwa da wuri. In ramin salga ya cika, a rufe shi da toka da ƙasa, a haƙa wani, a bar tsohon ya yi shekara guda cur, biyu ta fi. Sa'ad da aka buɗe za a tarar ya zama baƙar ƙasa marar wari. Ko a hakan ma gwamma a ba itatuwa da dawa da masara, kada a sa wa latas da tumatir da sauran abin da ake ci ɗanye. A wanke hannu da sabulu bayan aiki. Amfani da abin da gari ya zubar kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Manoman kewayen Kano sun yi zamanai suna shiga birni da jakuna, suna fitowa da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, da haka suke noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba.

Waɗanda suke yin shiru a majami'a

Yanzu sai zancen waƙa, wanda shi ne ya sa duniya ta san shi.

Amu yakan fita wa'azi a majami'un ƙauyuka. Ya lura da wani abu da kowa ke gani amma ba mai faɗi. In aka tashi raira waƙa daga littafi, malamai da 'yan makaranta ne kaɗai ke buɗe baki. Tsofaffi, da mata, da manoman da ba su yi karatu ba, sai su sunkuyar da kai. Mutanen nan kuwa su ne in an fita gona, ko wurin biki, ko gidan makoki, waƙa ba ta yanke musu. Me ya ɗaure musu harshe a gidan Allah?

Rashin karatu yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Twi da Ewe harsuna ne masu hawa da saukar murya, kamar Hausa. Ku faɗi “kuka” na mai hawaye, sa'an nan ku faɗi “kuka” ta miya. Ku faɗi “fari” na alli, ku faɗi “fari” na rashin ruwa. Baƙaƙen ɗaya ne, murya ce ta raba su. To, waƙoƙin majami'a na lokacin an ɗauko muryarsu ne daga Jamus da Ingila, aka cusa musu kalmomin Twi. Inda kalma ke son hawa sai waƙa ta sauka, inda take son sauka sai waƙa ta hau. Wanda ke riƙe da littafi idonsa yana gyara masa. Wanda ba shi da littafi kuwa abin da ke shiga kunnensa wani irin surutu ne da ba na garinsu ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da kakarsa a sujada ana raira waɗansu fassararrun waƙoƙi na Littafin Waƙoƙi namu ya san irin shirun nan.

Ana cikin haka shugaban kwalejin, wani Bature mutumin Sikotlan, ya ji lebura suna waƙa wurin aiki, ya ce wa Amu ya rubuta muryar a takarda. Amu ya gwada, abu ya ba shi wuya. Duk karatun waƙar Turawa da ya yi bai isa ya kama yadda kiɗan mutanensa ke tafiya ba, inda hannu ɗaya ke buga biyu, ɗayan na buga uku a lokaci guda. Wani malamin da ya ce waƙar lebura ce ba ta da tsari. Amu ya ce iliminsa ne bai kai ba. Ya fara bin makaɗa da mabusa da tsofaffi masu waƙa, mutanen da ba su san ko baƙi ɗaya ba, yana zama a gabansu kamar almajiri, yana tambaya, yana rubutawa. Ɗan mutumin da ya ajiye ganga domin Almasihu ya komo yana koyon ganga, shi ma a ganinsa domin Almasihu.

Daga nan ya soma shirya waƙoƙinsa. Ka'idarsa ita ce murya ta bi kalma yadda ake faɗinta a magana, har wanda bai taɓa riƙe littafi ba ya ji sau biyu ya kama. Bai yar da abin da ya koya wurin Turawa ba. Ya riƙe tsarin nan na muryoyi huɗu, manya da ƙanana na maza da mata, ya kuma ƙaunaci ogan har ƙarshen ransa. Cikin 1929 wani malamin makaranta ya roƙe shi waƙar da yara za su raira da harshensu ranar bikin daular Ingila, wanda akan yi kowace 24 ga Mayu. Ya rubuta ta da Ewe, daga baya aka sa ta cikin Twi, ita ce ake kira Yen Ara Asaase Ni. Ba ta yabon Sarkin Ingila ko kaɗan. Zancenta ƙasar da kakanni suka bari ne, da cewa ci gabanta ko lalacewarta yana rataye a kan halin 'ya'yanta. Mutanen Gana sun ɗauke ta kamar taken ƙasa na biyu. Cikin 1932 aka buga littafinsa na waƙoƙi 25 na harshen Twi a Landan.

Gwado a kan bagadi

Wajen wannan lokaci ne ya canja tufafinsa. Ya ce bai ga dalilin da mutum zai naɗe kansa cikin kwat mai kauri, da ɗan ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurawa a wuya, cikin zafin ƙasarsu ba. Ya koma sa saƙin gida. Ya riƙa shan ruwa a ƙwarya, yana cin abincin ƙasa. Ya fi so a kira shi Owura, watau kamar a ce Malam ko Maigida da Twi, maimakon Mista. Duk wannan an yi ta gunaguni amma an haƙura. Ranar da abin ya fashe ita ce Lahadin da ya hau bagadi zai yi wa'azi yafe da mayafi irin na mazan ƙasar, mai kama da gwadonmu, kafaɗa ɗaya a waje.

Dattawa suka kira shi suka ce kada ya sake. Ya saurare su da ladabi, amma bai ga inda Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa mai wa'azi kwat ba. Magana ta kai gaban majalisar ekklesiya. Cikin 1933 aka ajiye masa zaɓi: ko ya bar wa'azi da mayafi da koya wa 'yan makaranta kiɗan gargajiya, ko ya bar aiki. Yana da shekara 34, ba shi da wata sana'ar albashi sai wannan. Ya zaɓi barin aiki.

Sau da yawa in ana ba da labarin nan akan mai da dattawan nan wawaye ko 'yan koren Turawa. Mu ba mu yarda da haka ba. Yawancinsu baƙaƙen mutane ne, waɗansunsu kuwa da idonsu suka ga abin da ake yi a gidan tsafi sa'ad da ganga ta yi zafi. Sun rabu da dangi saboda bangaskiya. Mishan ɗin Basel har unguwa dabam takan kafa wa masu bi a gefen gari, ana kiranta Salem, domin a raba su da al'adun da suka baro. Ga mutum irin wannan, ƙarar ganga a harabar kwaleji ba wasa ba ce, tana tuna masa da abin da ya gudo daga gare shi. Uban Amu kansa ai haka ya yi. Tsoronsu na gaskiya ne. Inda suka yi kuskure, a ganinmu, shi ne da suka ɗauka kwat da ogan su ne shingen da zai tsare garken. Shi ma Amu, sai mu faɗi gaskiya, mutum ne mai taurin kai. In ya ga abu daidai ne, ko duniya za ta taru ba ya gusawa. Irin wannan hali yana da wuyar zama da shi a cikin kwamiti, kowane shugaban ƙungiya zai shaida. Amma ba don shi ba da bokitin nan bai isa gona ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne abin da bai yi ba. Bai kafa tasa ekklesiya ba, ko da yake a zamanin nan masu yin haka suna da yawa, kuma da ya sami mabiya. Bai daina sujada ba. Ya ci gaba da rubuta waƙoƙin yabon Allah, har ekklesiyar da ta sallame shi ta komo tana raira su. Yau a Gana fasto ya yi sujada da tufafin ƙasa, ana kaɗa ganga, ba mai ɗaga kai. Mu ma nan, ran da 'yan Zumuntar Mata suka shigo da tulu da kacau-kacau suna waƙa da muryar gida, har tsohuwar da ba ta san baƙi ba takan fi kowa ɗaga murya, ba kowa ke tuna cewa a wani wuri an taɓa korar mutum daga aiki saboda irin wannan ba.

Sauran shekaru sittin

Bai daɗe a zaune ba. Cikin 1934 shugaban kwalejin Achimota kusa da Akara, Rabaran A. G. Fraser, ya ɗauke shi koyar da waƙa. A 1937 ya tafi Landan ya shiga babbar makarantar kiɗa da waƙa ta Sarki, ya komo gida ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Masu cewa zaman Ingila zai sa ya koma wa kwat sun sha kunya.

A wannan zamani ya mai da hankali ga wata sarewa ta mutanen Kwahu da ake kira atenteben, wadda ake yi da gora. Gorar daji muke nufi, mai gaɓa gaɓa, ba goran ruwa ba. Kun ga zancen murya ya sake fitowa. A da sarewar tana da 'yan muryoyi kaɗan. Amu ya yi ta yanka gora yana huda ramuka, yana gwadawa yana zubarwa, har ya sami wadda ake busawa a tsaye, mai iya bin kowace waƙa ta makaranta ko ta majami'a. Ya yi manya da ƙanana domin a busa su tare kamar ƙungiyar mawaƙa. Ku dubi hikimar. Makarantar ƙauye ba ta da kuɗin ogan, ba kuwa kowane malami ne zai iya kwana da ogan a ka ba. Amma gora tana nan bakin rafi kyauta.

Bai yi aure ba sai 1942, yana da shekara kusan 43. A lokacin al'ada ita ce ango ya kai wa amarya akwatin ƙarfe na kanti, wanda aka yi a Turai. Amu ya nemi katako mai kyau aka yi akwati, shi ya kai. Iyayen 'yan mata da ke karanta wannan, da samarin da kayan lefe ya hana su barci, sai ku tattauna wannan a tsakaninku, mu ba mu ce kome ba.

Cikin 1949 ya kafa makarantar koyon waƙa a Achimota. Da aka buɗe kwalejin fasaha ta Kumasi a 1952 aka mai da sashen horon malamai can, ya bi ɗalibansa. A farkon shekarun 1960 Jami'ar Gana da ke Legon ta kira shi sashen nazarin al'adun Afirka, inda ya yi aiki tare da J. H. Kwabena Nketia, wanda Amu ya ƙarfafa tun yana saurayi, ya kuma zama shehun malami a kan kiɗan Afirka. Ran 27 ga Maris, 1965, jami'ar ta ba Amu digirin girmamawa na dakta a fannin waƙa. Shekara 32 ke nan bayan an ce masa ya zaɓa tsakanin mayafinsa da aikinsa.

Ya huta da aiki a 1971. Mutum mai suna irin nasa da ya so sai ya zauna a Akara, kusa da manya. Ya tattara ya koma Peki-Avetile inda aka binne cibiyarsa, ya zauna cikin manoma, yana zuwa majami'ar garinsu kamar kowa. Ya yi fiye da shekara 20 a haka. An haife shi ana mulkin Sarauniya Biktoriya, ya ga yaƙin duniya biyu, ya ga ranar 6 ga Maris, 1957, da Gwalkwas ta zama Gana, ya ga juyin mulki iri iri bayan haka.

Shekara bakwai bayan rasuwarsa, cikin 2002, Babban Bankin Gana ya fitar da takardar kuɗi ta sidi 20,000, wadda ta fi kowace girma a lokacin, aka sa hotonsa a kai. Takardar ta daina aiki bayan canjin kuɗin da aka yi a 2007. Sarewar gora kuwa har yanzu yara suna koyonta a makarantun Gana, ana kuma busa ta wurin jana'iza.